Yadda za ka yi wa magenka kishiya ba tare da gida ya hargitse ba

Ranar da na shigo da Kwalli gidanmu a cikin kwalin taliya na ɗauko ta, daga gidan wata ƙawata da magensu ta haifi huɗu, ina shiga falo na dire kwalin a tsakiyar kafet yara suka zagaye suna ihu, ni kuma a raina cewa nake babbar magenmu Gimbiya za ta ji daɗi ta samu ƙanwa tunda shekararta huɗu ita kaɗai a gidan. Gimbiyar nan fa kyanwar Lami muke ce mata, ba cizo ba yakushi, yara har ɗankwali suke ɗaura mata tana kwance. Ta sauko daga kan kujera a hankali, saura kaman taku uku ta isa kwalin ta tsaya cak, ta buɗe baki ta yi wani irin huci da ban taɓa jin ta yi ba, gashin bayanta ya miƙe, wutsiyar nan ta kumbura ta koma kaman burushin wanke kwalba, sai ta juya ta haye kan sif. Wuni biyu ba mu ga ta sa komai a baki ba, rana ta uku da asuba maigida ya taka fitsari a kan sallayarsa. Toh daga nan aka ba ni zaɓi, ko in mayar da 'yar inda na ɗauko ta ko in san abin yi.

Ban mayar ba. Na ɗauke Kwalli na kai ta ɗakin baƙi na rufe kaman ba ta taɓa zuwa ba, muka sake sabon lale. Abin da zan faɗa a nan shi ne wanda ya kamata in yi tun ranar farko, wani wajen likitan dabbobi na koya, wani kuma Gimbiya ce ta koya min da kanta.

Mu kishi muke ce masa, kuma duk wanda ya ga idon Gimbiya ranar nan zai rantse uwargida ce aka yi wa amarya ba kayan faɗar kishiya. Amma tsoro ya fi yawa a ciki. Magen gida asalinta daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya take, dabba ce mai farauta ita kaɗai, tana da yankinta da ta sani, inda take ci da inda take kwana da inda take ɓuya, kuma da hanci take gane shi. Wannan goga kumatun da take yi a ƙafar kujera da bakin ƙofa da ƙafarka, wanda muke ɗauka shagwaɓa ce kawai, sa hannu take yi, akwai wani sinadari da ke fita a kumatunta da haɓarta wanda mu ba ma jin warinsa, shi ke ce mata nan gida ne ki kwantar da hankalinki. Kwatsam sai ga wani wari da ba ta sani ba a tsakiyar falonta. Kai kana ganin jaririya abin tausayi, ita tana ganin baƙuwar da ta zo cin abincinta da kwana a wurinta. Ko magunan da kake gani a bola suna zama tare yawanci uwa ce da 'ya'yanta mata da 'yan uwanta, bare ba ya faɗa musu haka kawai. Shi ya sa duk tsarin a jere yake, hanci ya fara sabawa, sannan ido, haɗuwar jiki ita ce ƙarshe, kuma uwargida ce ke faɗin ranar da za a matsa gaba ko da kai ka ƙosa.

Kafin ma ka ɗauko, ka dubi wadda ke gidan tukuna. In ta haura shekara 10, ko tana fama da ciwo, ko dama can irin mai gudun mutane ce da ko sallama aka yi sai ta shige ƙarƙashin gado, ka sake tunani, don ɗan mage ɗan wata uku ba ya gajiya, zai yi ta dirar mata a baya yana kama mata wutsiya tun asuba har dare, kaman ka haɗa tsohuwa da ɗan yaye a ɗaki ɗaya ka ce su yi hira. Wasu a irin haka sai su ɗauko 'ya'ya biyu su ƙare da junansu su bar tsohuwa ta huta, in kana da halin ciyar da uku kenan. Batun mace ko namiji kuwa, ni dai a abin da na gani hali ya fi jinsi tasiri, sai dai muzurun da ba a fiɗiye ba, shi maganarsa daban ce zan zo kanta.

Sannan dan Allah a daina raba 'ya'yan mage da uwarsu da wuri. Na sha ganin an kawo ɗan sati uku ko huɗu, tafiya ma sai tangaɗi, ana ɗura masa madarar gwangwani da cokali yana ta zawo. Mafi ƙaranci sati 8, in ya kai 12 ya fi, domin a wajen uwa da 'yan uwansa yake koyon cewa cizo da zafi, a nan kuma yake gane in babba ta yi maka huci ja da baya ake yi. Wanda aka raba da wuri shi ke tashi ba ya jin gargaɗi, kuma shi zai fi ba uwargidanka wahala. Kwalli satinta 9 da na ɗauko ta, a nan dai ban yi kuskure ba.

Ɗakin amarya ka tanada tun kafin ta iso. Ɗaki mai ƙofar da ke rufuwa sosai, kuma kar ya zama wanda uwargida take kwana a ciki, in ka kore ta daga makwancinta saboda baƙuwa ka gama ɓata tafiyar tun ba a fara ba. Ɗakin baƙi ya yi, sito ma ya yi in yana da taga, amma ka kula da zafin Maris da Afirilu, ɗakin kwano marar silin da rana tanda ne, ɗan mage ba zai jure ba, in kuma hunturu ne ka shimfiɗa masa tsohon bargo ko suwaita a cikin kwali. Ka sa kwanon abinci, kwanon ruwa ɗan nesa da shi, roba mai faɗi marar zurfi da busasshen yashi a can ɗaya kusurwar don mage ba ta son ci kusa da inda take bahaya, wa ke so, sai kwali da aka yanke wa ƙofa don ɓuya, da wani abin kartar farce ko guntun katako ne ko tsohuwar tabarma. Ka duba ƙarƙashin gado da bayan kaya ko akwai maganin ɓeran da aka manta, ko kwalbar fiya-fiya, ko zare da allura. Ranar zuwan kuma daga ƙofar gida kai tsaye sai ɗakin, ba kai amarya gaisuwa falo, ba ɗaga ta sama a nuna wa uwargida.

Hajiyarmu da ta zo ta tarar da ƙofa a rufe 'yar mage na kuka a ciki sai da ta yi min faɗa, ta ce ke 'yar nan ki ji tsoron Allah, kin manta matar da ta shiga wuta saboda mage? Na ce Hajiya ai waccan kulle ta ta yi ba ci ba sha, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, wannan kuwa sau huɗu take ci a rana, ku shigo ku gani. Ta leƙa ta ga kwanuka da bargo ta ce Allah ya kyauta, 'ya'yan yanzu har mage kuke yi wa jere. Amma maganarta da gaskiya a ciki, in ka rufe sai ka riƙa shiga kana zama da ita kana mata wasa sau da yawa a rana, ɗan magen da aka yasar a ɗaki yana kuka wuni guda ba kowa, an zalunce shi.

Rufewar nan amfaninta biyu ne, ɗayan lafiya. Ka ba ta kwana 10 zuwa sati 2 kafin komai nata ya haɗu da na uwargida, kuma a cikin kwanakin farko ka kai ta asibitin dabbobi. Ɗan mage kan zo da kaya ba ka sani ba, ƙuma, tsutsar ciki, ƙwarin kunne da za ka ga baƙin datti kaman garin shayi a ciki, murar maguna mai sa atishawa da ruwan ido, da makero wanda shi har yaranka zai iya kamawa, in ka ga wani wuri ya yi sanƙo zagaye a kunne ko fuska kar ka bari yara su ɗauke ta sai an duba. Mafi muni ita ce wata cutar amai da zawo dangin wadda masu karnuka ke kira fabo, tana kashe 'ya'yan mage cikin kwanaki kaɗan, kuma ƙwayarta na iya shekara a ɗaki ba ta mutu ba. Akwai kuma gwajin jini na FIV da FeLV, cututtuka biyu masu karya garkuwar jikin mage, ba sa kama mutum amma suna bi tsakanin maguna ta cizo ko miyau, in inda ka je suna yi a yi. Allurar rigakafi ana farawa tsakanin sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk sati 3 ko 4 har ta kai sati 16, ta ciwon haukan kare kuma daga sati 12. Uwargida ma a duba nata katin, in tana da shi, da yawanmu ai magen gida ba ta taɓa ganin likita ba. Manyan garuruwa akwai asibitin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu, ga kuma asibitocin koyarwa kaman na ABU Zariya da na jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na jami'ar Maiduguri. Abu biyu dai kar ka yi da kanka: kar ka shafa mata maganin ƙuma ko kaska na kare ko na shanu, da yawansu akwai fametirin a ciki mai sa mage karkarwa da farfaɗiya har ta mutu, kuma kar ka taɓa ba mage farasitamol, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. In ka fito daga ɗakin ka wanke hannu kafin ka taɓa babbar.

Kwanakin farko ba abin da za ka yi sai barin kowa ya huce. Gimbiya kan zo bakin ƙofar ta sa hanci a ƙasan, ta yi wa ƙofar kanta huci ta wuce, wannan ba komai ba ne, aikin kenan ya fara. Da likita ya ce Kwalli lafiyarta ƙalau sai na shiga aikin safa. Tsohuwar safa mai tsabta na sa a hannu na shafa kumatun Kwalli da haɓarta a hankali lokacin tana kwance tana kurrr ɗin nan da tsofaffi ke cewa tasbihi ne, na fito na yar da safar a gefen falo, nesa da kwanon Gimbiya, ban kira ta ba ban kai mata hanci ba. Ta zo da kanta ta shinshina ta daɗe, sai ta ɗago kai baki a ɗan buɗe ido a ƙanƙance kaman ta ji warin mushe, yara suka fashe da dariya, ashe akwai wata kafa a dasashin mage ta sama da take ɗanɗana wari da ita, karatu take yi. Ta gama karatunta ta kai wa safar mari ɗaya ta tafi. Kullum sai na sabunta, rana ta huɗu tsallake ta ta yi ko kallo babu, kuma abin da kake nema kenan, ta daina damuwa. Haka za ka yi da wata safar daga uwargida zuwa ɗakin amarya, daga baya ka musanya musu bargo, ka kuma riƙa goga safar 'yar a ƙafafun kujeru da bakin ƙofofi daidai tsayin kan mage, don warin ya gauraya da na gidan.

A lokaci guda ka haɗa warin da daɗi. Ka samo abin da uwargida ba ta iya kau da kai a kansa, ita Gimbiya guntun kaza ce dafaffiya ba gishiri ba magi, ka ajiye mata kaman taku biyar daga ƙofar amarya, ita ma amaryar a ba ta nata ta ciki. In ta ci hankali kwance gobe ka matso da taƙi ɗaya, in ta ƙi ci ko ta ɗauka ta gudu da shi ka yi sauri kenan, koma baya. Amma abincinta na kullum ka bar mata shi inda ta saba, kar ka ce ai yunwa za ta kai ta ƙofar dole, wannan horo ne kuma za ta ɗora laifin a kan baƙuwa. Tunda na ambaci kaza, naman cikin miya da romonsa a bar wa mutane, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage, ɗanye ko dafaffe.

Bayan nan sai zagayen gida. In uwargida tana tsakar gida ko tana barci a ɗakinka ka ja mata ƙofa, ka fito da 'yar ta zaga falo da kicin na minti 20 ko 30 ta san lunguna, ta bar warinta, sannan ka mayar. Wata ranar kuma ka ɗauke 'yar ka bar ƙofar ɗakinta a buɗe, in uwargida ta ga dama ta shiga bincike. Kar ka ɗauke ta ka jefa ciki. Gimbiya sai da ta yi kwana biyu tana wucewa kaman ba ta ga ƙofar ba, rana ta uku na leƙo na same ta cikin kwalin Kwalli zaune daram.

Sai ido. Mu Allah ya taimake mu ƙofar ɗakin akwai ragar sauro, sai na buɗe ta katako na bar ta raga a sakale. In ba ka da raga ka buɗe ƙofar kaman yatsa biyu ka tokare ta da dutse ciki da waje yadda kai ba zai wuce ba. Minti biyu uku ya isa a karon farko, da kazar nan a hannunka, ka rufe tun ana cikin daɗi kar ka jira sai rai ya ɓaci. A nan za ka koyi karanta magenka. In ta kalli 'yar ta kau da kai, ko ta lumshe ido a hankali, ko ta zauna ta naɗe hannaye a ƙarƙashin ƙirji, ko ta ci abin da ka ba ta, lafiya lau. In ta kafe ta da ido ko ƙyaftawa babu, kunnuwa sun kwanta baya, wutsiya na bugun ƙasa, ga gurnani can cikin maƙogwaro, rufe ƙofar gobe ma rana ce. Huci ɗaya biyu kuma kar ya tada maka hankali, ke matsa can take cewa, kuma haƙƙinta ne ta faɗa. Kar ka daka mata tsawa, kar ka jefe ta da takalmi, duk abin da ya same ta a gaban 'yar nan a kan 'yar za ta rubuta shi.

In an yi kwanaki ana kallon juna ta raga ba gurnani, to a buɗe. Ni dabarar da ta fi min aiki ita ce in gajiyar da Kwalli tukuna, zare da gashin kaza a bakin kara in yi ta ja tana tsalle har ta fara kwanciya, in ba ta abinci, sannan in buɗe, don mai cikakken ciki da gajiya ba ta cika fitina ba. Yara a fitar da su ko su zauna shiru, wanda dai kun san ba mai yiwuwa ba ne, a fitar da su kawai. Kowace ta samu hanyar gudu, uwargida ta samu wuri mai tsayi da 'yar ba ta iya hawa. Kar ka riƙe ɗaya a hannu ka kai ta hancin ɗaya. Haɗuwarsu ta farko Kwalli ta taho da gudu a karkace wutsiya sama, Gimbiya ta ɗaga hannu ta ɗora mata ɗaya a ka, tas, ba farce, Kwalli ta zauna tana ƙifta ido kaman an kore ta daga makaranta. Ban sa baki ba, tarbiyya ce. Minti biyar na mayar da ita ɗaki, kullum ina ƙara lokaci, amma dare da lokacin da ba kowa a gida a rabe suke har sai da na daina jin ɗar.

Wasa da faɗa kuwa suna kama a ido amma kunne na bambancewa. Wasa shiru ake yinsa, yanzu wannan a sama anjima waccan, a rabu a sake dawowa. Faɗa na gaske ba sai an faɗa maka ba, ƙara ce mai tsinka zuciya, su dunƙule wuri ɗaya gashi na tashi, ko ɗaya ta riƙa bin ɗaya har maɓoyarta ba sassauci. In ya kaure kar ka sa hannu wallahi, ko magen da ta tashi a cinyarka ba ta san ka ba a lokacin. Ka zura kwali ko faifai ko matashin kujera a tsakaninsu, ko ka jefa bargo a kan ɗaya, ka raba su kwana ɗaya biyu sannan ka koma matakin raga. In an cije ka ko an yakushe ka ka wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ka tafi asibiti, haƙorin mage siriri ne amma yana shiga da zurfi wurin kan ruɓe, balle in 'yar a titi aka tsinto ta ba rigakafi. Su ma ka riƙa shafa jikinsu bayan kwana biyu uku, in ka ji kumburi mai zafi ƙurji ne ya taru, sai likita.

Ko bayan an saba, kar ka haɗa musu kwano. Kowa da nasa, kuma ba a jere ba. Robar yashi ƙa'idar da masana halin maguna ke bayarwa ita ce yawan maguna a ƙara ɗaya, biyu kenan roba uku, a wurare daban daban, in ka jera su uku a lungu ɗaya a wajen mage ɗaya ce. A kwashe kullum, mai ciki kuma ta bar wa wani wannan aikin saboda wata ƙwayar cuta da ke iya kasancewa a kashin mage mai cutar da ɗan tayi. Abincin ma ba ɗaya ba ne, 'yar na ci sau uku huɗu a rana kuma nata ya fi maiƙo, in ka bar shi a fili uwargida za ta riƙa shanyewa ta yi ta ƙiba ita kuma 'yar ta rame, gara ka ci gaba da ba 'yar nata a ɗakinta. Sannan ka sa ido kan zaluncin da ba ya ƙara. Za ka ga ɗaya ta miƙe a bakin ƙofar da ake bi zuwa yashi ko ruwa, ido a lumshe kaman baiwar Allah, ashe hanya ta tare, ɗayar na can tana matse fitsari ta kasa wucewa. Ba banza aka ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai ba. Maganinsa a ƙara roba da kwanon ruwa a wani ɓangaren gidan. Kuma abin kan juya, 'yar da ake mari yau in ta kai wata bakwai takwas ita ce ke iya zama mai tare hanyar.

Inda muka fi yin laifi shi ne nan: kowa sai ya koma kan sabuwa, ita ake ɗauka ita ake hoto, babba ta zama kaman tsohon kaya. Ka fara gaida uwargida in ka shigo, ka fara zuba mata, lokacin da ta saba hawa cinyarka bayan isha'i ya zauna nata. In kuma irin magunanmu ce rabi gida rabi unguwa, mai haura katanga, to ka sani tana iya yin yaji, sai ka ji yara na cewa magenku ta koma gidan su wane can take kwana. Bikon shi ne abinci mai daɗi a lokaci ɗaya kullum da magariba, a wurin da ba za ta yi karo da 'yar ba, kuma kar a bar 'yar tana zama a hanyar da take shigowa. Ita 'yar kar ta fita tsakar gida ba mai kallo sai ta gama allurai ta yi ƙwari, akwai muzurun unguwa, akwai shirwa, akwai duron ruwa da rijiya a buɗe.

Abin da zai sa ka bar komai ka nufi likita: babbar ta wuce wuni ɗaya zuwa biyu ba ta ci ba, musamman mai ƙiba don hantarsu ba ta jure yunwa, ko ka ga tana ta zuwa yashi tana nishi fitsari ba ya fita ko yana fita da jini. In namiji ne wannan ko kwana kar ya yi, mafitsara ce ke toshewa kuma tana kisa cikin kwana biyu uku, damuwa na cikin abin da ke tayar da ita. Fitsarin kan sallaya ma da muka ɗauka ramuwa ce, tsoro ne ya sa ta nemi inda warin maigida ya fi yawa ta haɗa da nata. Ba a dangwara mata hanci a ciki ba a duka, a wanke da omo sosai a shanya a rana, a guji irin maganin wanke bayin nan da ke komawa fari kaman madara in an zuba a ruwa, guba ne ga mage in ta taka ta lashe ƙafa. Akwai wani abu Feliway da ake jonawa a soket yana fitar da kwaikwayon sinadarin kumatun nan, wasu na yabawa, amma da tsada kuma da irin wutar nan tamu rabin wuni a kashe zai yi, ni ban saya ba.

Maganar muzuru da na ce zan dawo. In namiji ne a gidan kuma ba a fiɗiye shi ba, zai iya fara fesa fitsari a bango da labule, wani ma har ya kai wa ɗan hari, gara a yi masa aikin makonni kafin a kawo sabon. In kuma mace ka kawo ka sani tun tana wata 4 za ta iya ɗaukar ciki, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne kacal, muzuru bai san ƙanwa ba bai san 'ya ba, kafin ka ankara kai ne ke yawo da kwalin taliya kana neman mai so. Ka yi maganar aikin da likita tun ranar allurar farko.

Mu dai sati biyu aka yi ƙofa a rufe, sati na uku raga, na huɗu aka fara haɗuwa, sai a sati na shida na iya fita kasuwa na bar su tare. Wasu kwana goma sun shirya, wasu sai an yi watanni, wasu kuma iyakarsu zaman doya da manja ya koma zaman haƙuri, kowa da kujerarsa ba faɗa ba hira, wannan ma ya wadatar. Sai da aka yi wajen wata uku, wata safiya da sanyin hunturu, na fito na tarar da su a kan bargo ɗaya Gimbiya ta danne kan Kwalli da hannu tana lashe mata kunne, na tsaya ko motsi ban yi ba, ta yi kaman minti ɗaya tana lasa, sai ta tuna ko ita wacece ta ɗora mata mari ta sauka. Kan sif kuwa har yau Kwalli ba ta taɓa hawa ba, ta kai girman da za ta iya, takan zauna a ƙasa ta ɗaga kai ta kalla ta wuce.